Alam Uku da Gawayin Baba Isufu

Kano zuwa Legas

Ko assalatu ba a kira ba Kawu Bala ya danna hon a ƙofar gidanmu da ke Fagge. Na fito da jaka ɗaya a kafaɗa, Umma na biye da ni da ledar dambun nama, tana ta jaddada min kada in ci naman da ban san wanda ya yanka ba. Baba bai fito ba. Daga cikin ɗakinsa ya ce, "Allah ya tsare." Shi ke nan.

Ban ga laifinsa ba. Ni Sabi'u, tun a aji uku na ƙaramar sakandare na ajiye biro. An kai ni ɗinki, zama ya ishe ni. Na koma gyaran waya, shi ma zama ne. Na yi acaɓa, to wannan babu zama, amma babu riba. Kawu Bala ƙanin Umma ne, yana da shago a kasuwar Kwari, yana zuwa China saro kaya. Shi ya ce a ba shi ni ya gwada.

A hanyar filin jirgi ya faɗa min sharaɗi, ko kallona bai yi ba.

"Ba yawon buɗe ido za ka ba. Aiki ɗaya za a ba ka a can, ko mene ne shi. In ka ɗauke shi daga farko ka kai shi ƙarshe, zan riƙe ka, nan gaba kai za ka riƙa yi min tafiyar nan. In kuwa ka yi halin naka, babanka ya riga ya yi magana da Baffa a Ɗambatta. Gona na jiranka."

"Kawu, ai ba za a kai ga haka ba."

"Haka ka ce wa tela."

Jirgin safe muka hau zuwa Legas. A can muka yini a kan benci, aka duba mana katin rigakafi, aka buɗe jakata aka tarar da dambun Umma. Jami'in ya ɗebi kaɗan ya ɗanɗana, ya ce wai bincike ne, ya ƙara ɗiba ya ce mu wuce.

Legas zuwa Guangzhou

Mun sauka a Addis Ababa muka canza jirgi, muka sake tsayawa a Bangkok ba tare da mun fita ba. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, ga ni an ɗaure ni da bel kamar ɗan akuya. Na je banɗaki ya fi a ƙirga, don dai kawai in taka ƙafata.

A Guangzhou jami'in shige da fice ya kalli fasfo, ya kalle ni, ya sake kallon fasfo, sannan ya buga hatimi. Ko'ina ka duba hotunan wasannin Olamfik ne da ƙasar ke shirin karɓa a shekara mai zuwa. Gari ne mai danshi, iska kamar an jiƙa tsumma an ɗora maka a fuska. Muka sauka a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa, ɗaki ɗaya gado biyu. Abinci kuwa a ƙasan otal ɗin akwai wasu Musulmin China masu farar hula da ke jan taliya da hannu a gabanka. Da ita na rayu kwanakin farko.

Titin Guangyuan

Washegari Kawu ya kai ni manyan kasuwannin tufafi na titin Guangyuan. Bene a kan bene, shaguna ba iyaka, mutane na bulbulowa daga ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar tururuwa. Ciniki da kalkuleta ake yi: ya danna, ka danna, ya kama kai, ka juya za ka tafi, ya jawo ka. Nan na koyi kalmomi huɗu. "Nihau" gaisuwa, "sheshe" godiya, "lawban" maigida, "meyo" babu. Kuma nan na ga yadda Kawu ke sayayya. Komai aka nuna masa sai ya tambaya, "Akwai mai biye da shi?" Don a China kowane kaya yana da na ɗaya, na biyu, na uku, kuma Kawu mutumin na biyu da na uku ne.

Da rana muka je sito wurin Alhaji Masa'udu, mutumin zangon Kumasi, wanda ke loda wa Kawu kaya a kwantena. Ƙaton mutum ne mai fara'a, waya biyu a hannu. A bakin ƙofar siton, wadda take a wangale kamar ta gareji, na tarar da wani dattijo siriri da rawani yana firfita ɗan murhun waya. Baba Isufu ke nan, mutumin Tawa ta Nijar, shi ke kula da siton. Duk inda za shi, da jakar shayinsa yake tafiya.

"Zamna, ɗiyana," in ji shi. "Kai ne ɗan Kanon da ba ya zama? Shayina zai zamnar da kai."

Ya ɗauko gawayi ya nuna min, dogaye, sumul. "Na gora ne. Wurin masu gashin tsire nake sayen shi. Ba hayaƙi, ba tartsatsi. Ko cikin aljihu ka hura shi, ba wanda zai sani."

Da gaskiyarsa. Garwashi jajir, amma ko alamar hayaƙi babu. Na sha na farko mai ɗaci, na sha na biyu, na sha na uku. Ban taɓa zama wuri ɗaya tsawon haka ba.

A nan aka ba ni aikina. Wani mai otal a bakin ruwa can Ghana ya sayi jirgin ruwa ta hannun Alhaji Masa'udu. Ba kwalekwale ba, irin wanda ake ɗaga masa ƙaton ƙyalle a jikin doguwar sanda iska ta tura shi, amma yana da inji, da ɗakunan kwana a ciki, da ɗan kicin. Baƙin otal za su riƙa kwana a ciki. Mai sayen ya ce kada a loda shi sai an sa masa alam, wato ƙararrawar gargaɗi, na kabon monoksaid, su kuma masu ƙera jirgin sun ce wannan ba ya cikin ciniki.

"Chale, abokina, ni ban ma san kamanninsa ba," in ji Alhaji Masa'udu. "Kuma ina da kwantena a gabana."

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Ga mai son yawo. Ya nemo, ya sa, ya tabbatar yana aiki."

Tianhe

Aka haɗa ni da Nafi'u, ɗan Zariya mai karatun likita a garin, yana tafinta in ba shi da aji. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na ce ya yi min bayani da Hausar da zan gane.

Ya ce, "Ka san labarin mutanen da ake tararwa sun mutu a ɗaki saboda janareta?"

"Hayaƙi ya kashe su."

"Ba hayaƙin da kake gani ba ne. Akwai wata iska da ke fita tare da shi. Ba ta da kala, ba ta da wari. Ta shiga jininka ta tare wurin iska mai kyau. Kanka ya yi ciwo, jiri ya kama ka, ka ji barci kawai kake so. In ka kwanta, shi ke nan. Alam ɗin nan shi ne hancin da kai ba ka da shi."

A unguwar Tianhe muka shiga kasuwar kayan lantarki, muka hau muka sauka. Shagon farko aka miƙo mana wani farin faifai. Nafi'u ya karanta kwalin ya ce na hayaƙin gobara ne, ba shi ba ne. Na biyu aka ba mu na yoyon gas ɗin girki, shi ma ba shi ba ne. Duk kama suke yi, wallahi da ni kaɗai ne da na farko zan dawo. A shago na uku muka samu na kabon monoksaid ɗin, mai araha, amma na gida. Na ce Nafi'u ya tambaye su ko zai jure gishirin teku da danshi da jijjiga. Yarinyar shagon ta kaɗa hannu: "Meyo." Amma ta yi kirki, ta ce mu je baje kolin Pazhou, masu kayan jiragen ruwa suna can.

Pazhou

Lokacin baje kolin bazara ne. Muka yi layi, aka ɗauki hotona aka rataya min kati a wuya kamar wani babban ɗan kasuwa. Girman wurin ba ya faɗuwa. Mun yi tafiya har Nafi'u ya ce ƙafarsa ta mutu, ni kuwa lokacin na fara jin daɗi.

Rumfar da muka samu wata mata ce a ciki, ta manyanta, da tabarau. Ta buɗe na jirgin ruwa ta nuna min cikinsa, an shafe allon da wani abu kamar kakin zuma saboda ruwa. Da batirin jirgi yake aiki. Ta juya bayansa ta nuna min kwanan wata, ta ce yana da wa'adi, bayan wasu shekaru hancinsa yana mutuwa ko da fitilarsa na ci, dole a canza.

Na danna maɓallin gwaji, ya ƙwala ƙara har na yi tsalle. Na ce to ya yi. Ta girgiza kai. Nafi'u ya fassara: maɓallin murya kawai yake gwadawa, ba hanci ba. Sai ta ɗauko wani akwatin roba, ta kunna tsinken turare ta sa a ciki tare da wani ƙaramin alam mai batir wanda ke da lamba a fuskarsa, ta rufe. Muna kallo lambar ta tashi daga sifili tana hawa. Aka jima kafin ya yi kuka. Ta fitar da shi iska, lambar ta sauka a hankali.

Ta lissafa mana abin da ke kawo iskar a jirgi: inji, janareta, risho, ko hayaƙin jirgin da ya tsaya kusa da kai. Na riƙe su a kaina.

Na ce uku nake so, tunda ɗakunan kwana biyu ne da falo. Da muka gama ciniki, sai bakina ya suɓuce irin na 'yan Kano, na ce, "To, gyara fa?" Nafi'u ya yi dariya ya ce nan ba kasuwar Rimi ba ce. Na ce dai ya faɗa mata: a garinmu in ka sayi abu ana ɗan ƙara maka. Ta saurara, ta yi dariya har da riƙe tebur, ta miƙo min ƙaramin nan mai lamba. Na ce, "Sheshe, lawban."

Da Kawu ya ji farashin, sai da ya ajiye cokali.

"Ba mai biye da shi?"

"Akwai, Kawu. Na gida ne. Ruwa zai cinye shi."

"Haka suka ce maka. Sun ga baƙo. Allah ya sa ba jabu suka naɗa maka a kwali mai kyau ba."

Panyu

Bayan kwana biyu kayan suka iso. Ni da Nafi'u muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi a Panyu, daga nan ƙaramar bas ta bi da mu ta gonakin ayaba da kududdufan kifi har bakin kogi. Ga jirgin can, fari fat, sandarsa ta fi bene biyu. Matuƙin wani dattijo ne baƙi-baƙi saboda rana, Lawban Chan.

Cikin jirgin sai ka sauka 'yan matakala, kamar ka shiga rijiya mai ado. Falo a tsakiya da kicin a gefe, ɗaki a gaba, ɗaki a baya kusa da inji. Na ɗaga alam na manna a rufi, don haka na gani a otal. Lawban Chan ya ce a'a. Na sauke shi ƙasa kusa da dabe. Ya ƙara cewa a'a, wannan wurin na gas ɗin girki ne, shi ke kwanciya ƙasa. Sai ya hau gadon ya miƙe, ya rufe ido, ya ja minshari na wasa, ya ɗora yatsa a hancinsa, sannan ya taɓa bangon da ke kusa da kansa.

Ban jira fassara ba. Iskar nan gauraye take da wadda muke shaƙa, don haka inda hancin mai barci yake, nan ake sa shi.

Muka sa ɗaya a ɗakin gaba, ɗaya a na baya. Na falo ne ya ba mu aiki. Kusa da risho ba zai yiwu ba, duk aka ɗora tukunya zai yi ta kukan banza har a gaji a kashe shi. Kusa da ƙofa ko taga ba zai yiwu ba, iskar waje za ta ruɗe shi, ruwa kuma ya jiƙa shi. Lungu da bayan labule iska ba ta zagayawa. Daga ƙarshe muka samu bangon da ke saman doguwar kujera, daidai kan mutum in yana zaune. Gyaran wayar da na bari ya yi min rana, ni na ja wayoyin na haɗa su kai tsaye da batirin jirgi, yadda ko an kashe fitilu suna nan a farke. Fitilu uku koraye suka kama. Ƙaramin na gyara na jefa shi a aljihu.

A kan kogi

Washegari za a kai jirgin tashar da za a ɗora shi a kan babban jirgin dakon kaya. Alhaji Masa'udu ya ce kowa ya zo a sha iska. Kawu ya zo, Nafi'u ya zo, Baba Isufu ma ya zo da jakarsa.

Da hantsi muka tashi da inji, da muka fita fili Lawban Chan ya kashe shi ya ɗaga ƙyallen. Jama'a, shiru. Ba ka jin komai sai ruwa na shafar jikin jirgi. Manyan jirage na wuce mu kamar unguwanni. Kawu ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana ta salati, Alhaji Masa'udu na tsokanarsa wai Bakano ko a kwatami tsoron nutsewa yake.

Bayan azahar hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa. Lawban Chan ya kai mu wata 'yar gaɓa ya ɗaure jirgin, shi da Nafi'u suka shiga gari nemo abinci. Mu huɗu muka zauna a baya ƙarƙashin rumfar tamfol. Baba Isufu ya ce sanyi ya shige shi, zai sauka ciki ya ɗora mana shayi. Duk muka ce madalla. Ba wanda ya ga aibun hakan, har ni. Ya rufe tagogi saboda feshin ruwa, ya miƙo mana na farko, ya ja ƙofa.

Muna jiran na biyu alam ɗin falo ya tsage da kuka. Kafin mu miƙe na ɗakin gaba ya karɓa.

Kawu ya buɗe ƙofa ya leƙa. Ciki tas, ba hayaƙi ko kaɗan, sai ƙamshin na'a-na'a.

"Inji a kunne yake?"

"A kashe, Kawu."

"Rishon fa?"

"A kashe."

"Akwai wani jirgi kusa da mu?"

Babu. Duk abin da matar nan ta lissafa min, ba ko ɗaya.

Kawu ya juyo ya kalle ni, irin kallon da Baba ke min. "Na faɗa maka. Ɗan ruwan sama kawai ya taɓa su sun haukace. Shiga ka cire wayar nan kafin kunnenmu ya mutu."

"Chale, in haka za su riƙa yi wa baƙin otal, an gama da ni," in ji Alhaji Masa'udu. "Gobe sai a mayar musu da kayansu."

Gonar Ɗambatta ta tsaya min a ido. Na sauka ciki, na kai hannu wurin wayar. Baba Isufu na zaune a kan kujera ya jingina, butar na tafasa a kan garwashi a gabansa.

"Kashe abin nan, ɗiyana," in ji shi a hankali. "Kaina na sarawa. Jirgin nan bai karɓe ni ba. In na gama na biyu zan ɗan kishingiɗa."

Ciwon kai. Barci. Maganar Nafi'u ta dawo min. Na zaro ƙaramin daga aljihu. A waje sifili yake nunawa duk yinin nan. Yanzu lambar na gudu sama kamar mitar tasi. Na kusantar da shi wurin murhun, ta ƙara gudu.

"Baba, tashi mu fita. Gawayin nan ne."

"Mi? Gawayina? Ina hayaƙin?"

"Kai Sabi'u!" Kawu ya daka min tsawa daga sama. "Waya na ce ka cire, ba musu da dattijo ba!"

Ban tsaya ba. Na naɗe hannuna da rigata, na sauke butar, na sunkuci murhun, na hau matakala na wuce ta gaban Kawu na watsa shi cikin kogi. Garwashin ya yi cuuu, murhun ya nutse. Murhun da Baba Isufu ya zo da shi tun daga Tawa.

Alam na ta kuka. Kawu ya ɗaga hannu, na tabbata mari ne. Daga ciki muka ji Baba Isufu na cewa, "Yaron nan ba ya da kunya..." Ya yunƙura zai taso ya same ni, sai ƙafafunsa suka ƙi. Ya zube tsakanin kujera da tebur.

Ni da Alhaji Masa'udu muka ciccibo shi waje. Na koma na ɓalle tagogin duka, ruwa na shiga, ban damu ba. Ni ma da na fito sai da na dafa ƙarfe, kaina na juyawa. Muka kwantar da shi a ƙarƙashin rumfa, ya yi amai, idonsa a buɗe amma maganarsa ba ta haɗuwa. Kawu ya cire babbar rigarsa yana masa firfita.

A haka Nafi'u da Lawban Chan suka same mu. Nafi'u ya kalli lambar da ke hannuna, ya kalli dattijon, ya ajiye ledar abinci ya ce asibiti, yanzu. Baba Isufu ya ce ya ji sauƙi. Nafi'u ya ce ba shawara yake nema ba. Lawban Chan kuwa da aka gaya masa gawayi aka hura a cikin jirgi, sai ya zauna a bakin gaɓa ya riƙe kai. Ya ce shekarunsa duka a kan ruwa bai taɓa tunanin sai ya gargaɗi wani a kan wannan ba. Na ce Nafi'u ya gaya masa bai taɓa ɗaukar mutanen Nijar ba ne.

Aka sa wa Baba Isufu iskar oksijin, ya kwana a asibiti. Ni ma aka ɗan sa min, aka sallame ni. Alam ɗin kuwa, da iska ta ratsa jirgin, da kansu suka yi shiru, koren fitila ya dawo.

Komawa sito

Jirgin ya isa tasha washegari, aka kwantar da sandarsa aka ɗaure shi. Kafin a rufe na sa Nafi'u ya rubuta da Turanci aka manna a bangon kicin: kada a hura gawayi a ciki, ko na shayi ko na turare. Alhaji Masa'udu ya ce a ƙara da na gashin kifi, ya san mutanensa.

Ranar da aka sallami Baba Isufu na yi yawon kasuwa na samo waya, na zauna na saƙa masa murhu da hannuna. Bai kai nasa kyau ba, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Na kai masa ina sunkuyar da kai. Ya juya shi, ya juya shi.

"Wannan murhu ne ko tarkon ɓera?"

"Baba, a yi haƙuri."

"Zamna." Ya jawo shi bakin ƙofar sito, inda iska ke kaɗawa, ya zuba gawayi. "Akwai na biyu da na uku da ban ba ka ba."

Kawu bai ce min komai ba duk kwanakin nan. Sai a filin jirgi, muna layin awon kaya, ya miƙo min takardun kwantenarsa ya ce in riƙe, in kuma fara koyon karanta su, don watan Oktoba ba lallai ya samu zuwa ba. Na ce to. Sannan ya ce, "Abin nan na aljihunka, in ka dawo ka tambayi matar ko nawa za ta bar katan. Na ɗaya fa. Kada ka kawo min mai biye da shi."

Gida

Mun biyo ta Addis Ababa da Legas, muka sauka Kano da la'asar. Unguwa ba wuta, kowane gida janareta na ruri. Namu yana inda yake kullum, a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin Umma da zaure, an rufe shi da kwano saboda ɓarayi, bakinsa na kallon tagarta. Shekara nawa ina wuce shi ban taɓa gani ba.

Ko takalmi ban cire ba na kashe shi, na jawo shi tsakar gida nesa da tagogi. Na shiga ɗakin Umma na kwanta a gadonta na miƙe.

"Kai lafiya? Daga China sai gadona?"

Na taɓa bangon da ke daidai hancina, na tashi na buga ƙusa, na rataya ɗan alam ɗin gyara. Na ce mata in ya yi kuka kada ta nemi hayaƙi, ta buɗe ƙofa ta fita kawai, kuma kaskon turarenta ya daina kwana a ɗaki a rufe.

Baba na tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Kawu ya riga ya kira shi tun daga Legas. Ya kalli abin a bango, ya kalli janareta a tsakar gida.

"Guda ɗaya ka kawo?"

"Ɗaya ne, Baba."

"To in ka koma, ka taho da na ɗakina."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Bala, da Nafi'u da ya ba ni ƙafarsa da bakinsa, da Alhaji Masa'udu, da Lawban Chan mai minsharin wasa, da matar Pazhou da ta karɓi al'adar gyara. Baba Isufu kuma, Allah ya ƙara lafiya. An ce har yanzu da gurgun murhuna yake dafa shayi, a bakin ƙofa.